Bututun da Baba Ya Ƙera Mini

Gidanmu a Kebbe gidan maƙera ne tun kaka da kakanni, ni kaɗai na kauce. Boko ya ɗauke ni, na yi makarantar horon malamai, aka turo ni koyarwa Tambuwal 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin gwamnatin Jihar Arewa. Baba bai taɓa cewa na yi laifi ba. Sai dai in aka tambaye shi aikin da nake yi, yakan ce, "Shina can shina ɓata bango da alli, in ya ƙare shi goge." Ran kasuwar Tambuwal yana kawo hauya da lauje, ya wuce ta ƙofar makarantarmu ko waiwaye ba ya yi. Abin yana cina ƙwarai. Ba abin da nake so kamar ya tako sau ɗaya ya ga aikina.

Wata rana hedimastanmu ya dawo daga Sakkwato da wata tsohuwar mujallar Turawa. A ciki na ga zanen wani injin jirgin sama da ake tunanin ƙerawa, suna ce masa sikiramjet. Ba shi da farfela, ba abin da ke juyawa a cikinsa. Bututu ne kawai mai faɗin baki. Gudun jirgin da kansa ke cusa iska ta bakin, ƙirar bututun ta matse ta har ta yi zafi, a fesa mai, ya kama, wutar ta fita ta baya da ƙarfi ta tura jirgin gaba. Iskar kuwa ko a ciki ba ta rage gudu sosai, ta fi sauti sauri. Matsalarsa ɗaya, ba ya tashi daga tsaye, sai wani abu ya fara ɗaukarsa da gudu.

Na karanta sau uku, zuciyata ta ce ga abin da zan kama Baba da shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gindin zugazugi, yau ga wuta da ke zuga kanta.

Da hutun mako na je Kebbe na shimfiɗa masa zanen kusa da uwar maƙera. Na yi bayani har da ɗaga yatsa, kamar ina gaban 'yan aji huɗu. Ya saurara yana juya ƙarfe a wuta.

"To, mi kaka so?" ya ce.

Na ce ya ƙera mini irinsa da gwangwanin kananzir. Zan sa gawayi mai rai a ciki, in ɗaura a kekena, in gangaro tudun bayan makaranta, yara su ga yadda gudu ke hura wuta.

Ya daɗe yana kallon zanen. "Wanga abu sumul shike ciki. Iska in ta yi yawa ba hura wuta takai ba, kwashe ta takai. Bari in yi mai ɗan gurbi inda garwashi ka laɓewa."

Na ce a'a. Waɗanda suka zana shi sun yi karatu har sun gaji, ba su sa gurbi ba, mu ne za mu gyara musu? Har yanzu in na tuna yadda na faɗi wannan magana sai kunya ta rufe ni. Baba bai yi musu ba. Ya ce, "Mai aiki yac ce sumul, sumul za a yi." Ya ƙera shi tsaf yadda na ce, ya ƙara da cewa ran kasuwa zai zo ya gani.

Ranar na sa babbar rigata ta salla, tunda ga Baba zai zo. Labari kuma ya riga ya zaga gari, amma a karkace. A wajenmu kowa ya san wuta ba ta cin ɗan gidan maƙera, don haka da aka ji malami ɗan maƙeri zai hau keke da wuta, sai aka ɗauka wasan maƙera za a yi. Mutane suka baro kasuwa suka cika gefen tudun. Ni ma, in faɗi gaskiya, wannan magana tana wani lungu na zuciyata, duk da takardar shaidar da ke akwatina. Shi ya sa ban damu da inda na ɗaura bututun ba. A kan hannun keken na ɗaure shi, baki yana kallon gaba, gindi yana kallon cikina.

Baba yana tsaye a ƙasan tudun, hannuwa a baya. Na zuba garwashi, na ƙara tsumma mai kananzir, na taka.

Da farko abin ya yi kyau, sai a ce littafin ne ya tashi yana tafiya. Iska ta shiga, bututun ya fara gurnani, yara suka sa ihu. Da gangara ta yi gangara, iskar ta kwashe garwashin kaf ta juye mini a cinya, tsumman ya biyo baya yana ci. Babbar riga kuwa ba ta san ni ɗan maƙeri ba ne. Na saki keken, na tafi ƙasa ina birgima ina kiran sunan Allah, a gaban yaran da kullum nake hana su gudu a filin makaranta.

Ban san lokacin da Baba ya iso ba. Ya yaye rigar, ya kakkaɓe garwashin da tafin hannunsa, ya murje abin da ya rage. Sai dariya ta ɓarke. Wani daga cikin 'yan kasuwa ya ɗaga murya ya ce boko ya wanke maganin gidanmu. Na ga hedimasta yana kallon ƙasa. Na san daga ranar ba yaron da zai ƙara jin maganata.

Baba ya ɗauki bututun, ya leƙa cikinsa kamar yau ya fara ganinsa, ya juya ga jama'a.

"Ku bar yi ma malam dariya. Laihina na. Ni nim mance ban sa mai gurbi ba. Karatunai daidai shike, ƙira ta ab ba ta yi ba."

A kasuwar nan mutane ke sayen hauyarsa ba tare da sun duba bakinta ba, don ba a taɓa mayar masa da aiki ba. Ga shi a gabansu ya ce hannunsa ya kuskure, a kan abin da ya gargaɗe ni tun farko. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, ya harare ni, na rufe.

A ofishin hedimasta Baba ya shafa mini magani a cinya, ba tausayi a hannun ko kaɗan. Ni kuwa hawaye nake, ba na ƙunar ba. Da ya gama ya goge hannu a rigar da ta riga ta lalace.

"Su waɗanga masu jirgi, in ka samu mai zuwa wurinsu, a gaya musu zancen gurbi. Kak su ƙone ɗiyan mutane."

Aka kaɗa ƙararrawa. Na ɗauka kasuwa zai koma, kayansa suna can a shimfiɗe ba mai tsaro. Sai ya bi ni har aji ina ɗingishi, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya wuce bencin baya ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Malam," ya ce, "sake muna bayanin daga farko. Inda iska ka matsewa, nan na ban gane ba."