Kafin Matan Su Sauko Daga Tudu

Ni mai sayar da abinci ce a bakin tasha a Tahoua, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son jan jiki. In ka tsaya gaban teburina kana tunanin ko shinkafa za ka ci ko taliya, zan zuba maka wadda na ga dama in kira na bayanka. Salula biyu gare ni, ɗaya a ƙulle a bakin zane, ɗaya a saƙale a kunne cikin ɗankwali. A ta kunnen aka kira ni wata safiya ta bazara, ina tsakiyar zuba wa direbobi miya.

Wani ɗan garinmu ne daga Libiya. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce katangar da suke ginawa ta faɗo wa ƙanena jiya da yamma, har an yi masa sutura. Ya ce ya saka saƙon murya a zauren waya na 'yan garinmu don kowa ya ji, sannan ya ce katinsa zai ƙare, ya kashe. Ludayin ya suɓuce daga hannuna, miya mai zafi ta kwarara mini a ƙafa, ban ma ji ba sai da wani direba ya janye ni gefe. Har yau tabon yana nan.

Wanda nake ce wa ƙanena ɗan Inna ne. Inna ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta goye ni bayan rasuwar uwata, tun ba ta haifi nata ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya tsaya mata. Tana zaune a ƙauyenmu can gaba da Barmou, ga hawan jini. Ta taɓa yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, gefen bakinta ya karkace na wani lokaci, likita ya ce a kiyaye ta da tashin hankali. Da na tuna wannan sai kukan ma ya tsaya mini. Abin da ya faɗo mini a tsaye, da ƙarfina da lafiyata, ya sa na ƙona ƙafa. In ya faɗo wa Inna haka, to gawa biyu za mu yi.

Abu ɗaya ya tsaya tsakaninta da saƙon nan. Garinmu babu rezo, wato waya ba ta kamawa, sai a kan wani tudun duwatsu da ke gabas da gari. Kullum bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, matan da mazansu suka tafi biɗa, wato neman kuɗi a ƙasashen waje, sukan hau can da salulolinsu, su ɗaga su sama har saƙonni su shigo. Ranar nan ma za su hau. Abin da za su sauko da shi na riga na sani.

Na bar wa maƙwabciyata tebur, na hau kabu-kabu zuwa wurin Kawu, yayan su Inna. Baduku ne, yana da 'yar rumfa a bayan kasuwa. Na same shi yana ɗinkin kube, na faɗa masa a tsaye ina haki. Ya yi salati, ya runtse ido, sannan ya ci gaba da ɗinkin har ya kai ƙarshen layi, ya ƙulle zaren, ya yanke. Wallahi ji na yi kamar in fizge fatar in jefa a kwata. Na ce masa ga mai moto nan yana jira, ya ba ni izini in tafi yanzu. Ya ce in sallami mai moto. Ya ce wanda ya rasu ya riga ya rasu, gudunmu ba zai ƙara masa komai ba, mai rai za mu je wa. In na dira a ƙofar gidan Inna a kan moto da rana tsaka, ido jawur, hannu wofi, to na gama faɗa mata tun daga bakin hanya.

Haka mutanenmu suke kai irin wannan labari, na sani sarai, a ciki na tashi. Babban namiji na gida ne yake kai shi da ƙafarsa. Ya zauna, ya sha ruwa, a gaisa, a tara wa mutum nasa a kusa da shi, a fara ce masa wane ba ya jin daɗi, a bar shi ya haɗiye wannan, sannan a ƙarasa. Amma ai wancan lokacin babu tudu da salula. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce in je in wanke fuska in sa kwalli, in ɗaure ƙafar nan, in sayo sukari da sabulu da goro irin tsarabar da na saba kai wa.

Motar kasuwa muka shiga, irin wadda ba ta tashi sai ta cika ta batse. Ta tsaya a ɗauki buhunan albasa. Ta tsaya a sauke wata mata da akuyarta. Ta tsaya direba ya zuba wa inji ruwa, ya kuma tsaya hira da wani da ya sani a gindin aduwa. Ni kuwa ina duban inuwar motar a ƙasa, ina ganin tana matsawa gabas. Na yi tsaki har harshena ya gaji. Na ce wa direban in jaki ya fi masa sauƙi ya faɗa mana mu nema, mutane suka yi dariya, ni ko murmushi ban yi ba. Kawu yana jan carbi, ko a jikinsa. Sau ɗaya kawai na ga ya goge ido da bakin rawani, ya yi kamar gumi yake sharewa.

Azahar ta wuce lokacin da muka sauka. Na miƙe hanyar gidan Inna, ya ce a'a, gidan liman tukuna. Can suka shiga zaure, suka bar ni a waje ina safa da marwa a kan ƙonanniyar ƙafa. Da ya fito na ce masa to a aika a hana matan nan hawa tudu mana. Ya ce in aka hana su, kafin ɗan aiken ya dawo gari duka ya san akwai abin da ake ɓoyewa, kuma kowace za ta ɗauka mijinta ne. Ya ce liman zai zo ya zauna a ƙofar gida bayan salla, matarsa kuma za ta tattaro tsofaffin ƙawayen Inna, su shigo ɗaya bayan ɗaya.

Muka tarar da gidan babu kowa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce Inna ta tafi rijiya. Rijiyoyinmu na Adar ba wasa ba ne, in ka leƙa da ƙyar kake hango ruwan, bakinsu kuma duk igiya ta cinye shi ya yi santsi. Na ga Inna a raina tana sunkuye da guga, wata kuma ta taho mata da salula a hannu. Na ce zan je in taho da ita. Kawu ya shimfiɗa buzunsa a inuwar rumbu, ya ce in zauna, baƙo ba ya bin mai gida rijiya. Na zauna, don ban taɓa yi masa musu a fili ba, amma abin da na faɗa masa a cikina Allah ya yafe mini.

Sai ga ta da bokiti a ka. Ta gan mu ta yi dariya, ta ce yau wace rana, 'yar birni ta tuna da talakawa. Na karɓi bokitin na ajiye. Ta dama fura, ta kawo, ta durƙusa gaban yayanta suka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, ina aiki. Ban taɓa lura da tsawon gaisuwarmu ba sai ranar. Ta ce ina labari, ya ce sai alheri, kamar yadda kowa yake cewa. Ya sa ta zauna ta sha ita ma. Ya tambaye ta ko tana shan maganinta, ta ce in ta tuna, ya ce ta ɗauko ya ga irinsa, da ta ɗauko ya ce to ta sha ɗaya tunda ga ruwa. Ina kallo numfashinta na dawowa daga rijiya ya kwanta, jijiyar wuyanta ta daina harbawa. A nan na fara yin shiru a cikina.

Aka kira la'asar, muka yi salla. Katangar gidan Inna gajeruwa ce, daga inda nake zaune ina ganin tudun sarai. Ina sallamewa na hango su, mata cikin zannuwa masu launi, sun jeru suna hawa a hankali, wasu da goyo.

Inna ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta ce ba za mu kwana da fura kaɗai ba. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, kunyar ɗan fari, ko tambayarsa ba ta yi kai tsaye. Tana tankaɗe gari ta ce, kamar da rariya take magana, mutanen Libiya fa, ana jin su kuwa. Kawu ya gyara murya. Ya ce an ji yaron nan ba ya jin daɗi, wurin aiki ne ya ɗan samu rauni. Hannunta ya tsaya. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ƙara tambayar komai ba.

Matar liman ta yi sallama, wai ta ji an yi baƙi. Ta zauna. Can wata tsohuwa ta shigo aron rariya, aka ce ana aiki da ita, ta ce za ta jira. Wata ta zo ɗiban wuta, ta zauna da karan a hannu har ya mutu. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi kwallin da ke idona, ta dubi tsumman ƙafata. Ruwa ya tafasa, ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya.

A kan tudu matan sun kai ƙoli. Ina ganin hannuwansu a sama. Sai na ga sun taru wuri ɗaya, kawunansu a haɗe. Ɗaya ta zauna daɓas a kan dutse. Wata ta ɗora hannu biyu a ka. Sannan suka fara saukowa, kuma ba irin tafiyar da suka hau da ita ba. Iska ta kawo mana wani siririn sauti daga nesa, wanda duk macen da ta taɓa zuwa gidan rasuwa ta san shi. Akuyar Inna ta ɗaga kai daga harawa.

Na matsa kusa da Kawu, na ce a hankali, "Kawu, sun taho. Ka faɗa."

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ƙanwata, aje muciyar nan ki zo kusa."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Yaya, dakata. Da ransa na ɗora tukunyar nan. Bari in sauke."

Babu wanda ya motsa. Ta ci gaba da tuƙi, muciya tana bugun gindin tukunya. Kukan ya shigo gari, ya biyo lungu, yana ƙaruwa, don kowane gida ya wuce sai ya ɗebi wasu. Ya iso har ƙofarmu. Na ji muryar liman ƙasa-ƙasa yana tare su, yana cewa su zauna nan waje, ba a shiga tukuna. Wata ta fara kiran sunan mamacin, aka toshe mata baki, rabin sunan kawai ya tsallako katanga. Inna ta ji, na tabbata ta ji. Ta ƙara kara a wuta.

Tuwon ya daɗe da nuna. Ni sana'ata ce, daga ƙamshi na san lokacin kwashewa ya wuce. Ita ma ta sani, ita ta koya mini. Amma tana ta juyawa, kowane juyi ya fi na baya nauyi, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ni da na wuni ina zagin direba da Kawu da duk abin da ya tsaya a gabana, sai na samu kaina ina roƙon Allah ya ƙara mata ko kaɗan. Muddin tukunyar nan tana kan wuta, ita uwa ce mai ɗa a Libiya da ya ɗan samu rauni. Tausayinta ya cika ni har na kasa dubanta, na koma duban karan da ke ci.

Sai ƙauri ya tashi. Ya cika gidan, ya kai har inda tsofaffin suke. Inna ta tsaya da muciya a hannu, ta daɗe tana duban tukunyar. Ta sa bakin zane ta kama ta, ta sauke, ta rufe da faifai. Ta janye karan, ta yayyafa masa ruwa. Ta wanke hannu a buta, ta share a jikinta, ta tako zuwa tabarma. Matar liman ta matsa mata wuri, tsofaffin nan biyu suka kama hannuwanta, ni na zauna a bayanta.

Ta ce, "To, Yaya. Na sauke."

Kawu ya kira ta da sunan da mahaifiyarsu take kiranta tana yarinya, sannan ya faɗa mata. Tafin hannuna yana tsakiyar bayanta, na ji lokacin da maganar ta shige ta. Ta yi nauyi, ta jingina da ni, tana ta numfashi, ba ta faɗi ba.