Daɓen da Darakta Ya Yaba

Na bar aiki, amma ban manta da ranar da sabon Daraktan wasanni ya zo Argungu duba filin kurket ɗinmu ba. Ni ne kocin wasan, ni kaɗai a ofishinmu na Birnin Kebbi. Ƙa'idarmu, in an yi sabon shugaba, kowane koci sai ya kare wasansa a gabansa. Wanda ya kasa, a soke wasan daga tsarin shekara, a karɓe filin.

Daraktan mutumin Zauro ne, ɗan manoman shinkafa, bai taɓa ganin wasan ba. Ya tsaya cikin rana ya ce, "Koci, mi a kurket?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ƙungiya biyu ce, kowace mutum goma sha ɗaya. Ana kafa sanduna uku nan, uku can. Mai jifa ya jefo ƙwallo don ya kayar da sandunan, mai bugu ya make ta da katako, ya sheƙa zuwa wancan gefen. Kowane gudu maki ɗaya. In sanda ta faɗi, ko aka cafe ƙwallon a sama, mai bugu ya fita."

Agogonsa yake kallo. Sai na kai shi tsakiyar fili, kan daɓen da ƙwallo ke dira kafin ta isa ga mai bugu. Na ce lakar fadama ce, ni da 'yan wasana muka kwaso, rani uku muna daɓewa. Ba tsakuwa, ba rami, ruwa ba ya kwana a kai.

Nan fa ya durƙusa. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, fuskarsa ta washe.

"Kai, wanga daɓe ya yi! Ba yashi ko kaɗan?"

"Ko ƙwaya, ranka shi daɗe."

Na koma gida, unguwar Badariya, ina murna, na ce wa maiɗakina mun tsira.

Da kaka takarda ta iso: an soke kurket, an ba ƙungiyar manoma filin. Na je na tarar da shinkafa shanye a kan daɓen, mata na juya ta da ƙafa. Sandunana kuwa an ɗaura musu tsumma don korar tsuntsaye. Na zauna a bakin fili ina kallo.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku kula. Wani shugaban ba maganarka yake ji ba, abin da ya taso a ciki yake gani. Ni kurket nake koya masa, shi wurin shanya yake dubawa, kuma da bakina na tallata masa.