Matar Direban Baga

Duk wanda ya san Bulumkutu ya san ƙamshin layin su Zainaba. Turaren wuta take haɗawa da humra, irin wanda amare ke aikowa tun daga GRA a saya musu. Amma masu turare a Maiduguri ai ba sa ƙirguwa. Abin da ya sa ake nuna Zainaba da baki daban ne.

Mijinta Babakura direban motar kifi ne. Wata safiya, a shekarun da gari ya rikice, ya kama hanyar Baga, shi ke nan. Ba gawa, ba mota, ba wanda ya ce ya gan shi. Ya bar mata yara biyu da tsohuwarsa Ya Gana, wadda da ta ji ƙarar babbar mota sai ta ɗaga kai ta kasa kunne. Zainaba ta zauna haka nan, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. In an tambaye ta a gidan biki sai ta ce, “Ya yi tafiya.”

Shekaru suka ja. Ta tambayi limamin layinsu matsayin aurenta, ya ce ta ƙara haƙuri. Ta tambayi wani ma'aikacin kotu da matarsa ke sayen humra a wurinta, ya ce abin da wuya. Zainaba kuwa ba macen da za a ce wa “da wuya” ta koma ta kwanta ba ce. Ta tono takardar sakandarenta daga ƙasan akwati, ta zauna jarrabawar shiga jami'a a tsakiyar sa'annin ɗanta Uwais. Karon farko ba ta samu ba, ta sake. Aka ba ta gurbi a digirin nan da ya haɗa Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa. Karatu biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya: da safe Larabci da littattafan Malikiyya, da yamma Turancin lauyoyi, wanda ko Baturen ma sai ya nutsu kafin ya gane inda aka dosa.

Matan layi suka samu abin yi. Ɗaliban doka baƙi da fari suke sawa, don haka da ta fito tarar keke sai ka ji, “Hankaka ta fito kiwo!” Ita dai sai ta yi dariya ta ce su tanadi kuɗin turarenta.

Yadda take karatun ne abin kallo. Tana tsugune gaban kasko tana juya itacen turare da sukari, littafi a jingine jikin turmi. Ta karanta da ƙarfi, ta fassara wa kanta da Hausa, in ya ƙi shiga ta sake juya shi da Kanuri. Ya Gana na gefe kan tabarma tana jan carbi. Yaran da ba su da aikin komai sai karatu suna kukan darussa sun yi yawa, ita kuwa mai girki da wanki da jinyar tsohuwa ba a taɓa dawo da ita baya ba. Wallahi abin ya fi ƙarfin a kira shi ƙoƙari.

A shekara ta uku aka iso babin da ya kawo ta: hukuncin wanda ya ɓace. Malamin fiƙihu ya ce matar na iya kai ƙara, alƙali ya bincika, ya yanka mata wa'adi, in ya cika ta yi takaba ta fita. Malamar dokar shaida ta ce shekara bakwai ba labari, kotu na iya ɗaukar mutum ya rasu. Zainaba ta fita ta zauna gindin wata bishiyar maina ta yi kuka mai isarta. Ashe hanya na nan tuntuni. Sai dai bin ta na nufin ta tsaya gaban alƙali ta ce ta cire rai da Babakura, kuma maganar sai ta koma kunnen uwarsa.

Ba ta kai ƙara ba. Amma ba ta ɓoye abin da ta sani ba. Mata irinta suna da yawa a garin nan, sun fi yadda ake zato. Daga Dala, daga Gwange, suka riƙa zuwa da sunan sayen turare. Ta zaunar da mace ta warware mata dalla-dalla, ga abin da Shari'a ta ce, ga abin da dokar ƙasa ta ce, ranar shiga kotu kuma ta raka ta. Wasu sun sake aure, har an sa wa jarirai sunanta.

Ita ma an nema. Malam Tahir, wani malamin firamare da matarsa ta rasu, ya aiko da maganar aure ta wurin yayanta. Mutumin ya kwanta mata a rai, ba ta musa ba. Ta ce a ba shi haƙuri, ya nemi wata.

Wata safiya tana ɗaura baƙin siket ɗinta, sai ga Ya Gana ta fito cikin lafayarta ta zuwa biki, sanda a hannu.

“Uwar Uwais, yau wa za ki raka kotu?”

“Babu kowa, Ya. Lacca gare ni.”

“To ni za ki raka.”

“Wa ya taɓa ki, Ya?”

“Shekara nawa kina karanta mini dokar nan a ka? Kin ɗauka carbi kawai nake ja? Na ji ta Larabawa, na ji ta Nasara, na ji ta malamin makarantar da kika kora. Tare mana keke.”

Alƙalin ya san Zainaba sarai. Da aka kira su ya ɗago ya ce, “Malama Zainaba, yau kuma wa kika kawo mana?”

Matar da ta koya wa mata da yawa abin da za su faɗa a wurin nan ta buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mata. Hawaye kawai ke zuba kan farin hijabin. Tsohuwa ta dogara sandarta ta miƙe.

“Allah ya gafarta Malam, ni na kawo ta. Sunansa Babakura, shi kaɗai Allah ya bar mini. Ni zan ci gaba da jiransa, ni na haife shi, aikina ne. Ita dai a yanka mata wa'adinta.”