Shanun Bello a Filin Lakwal

Ba na mantawa da ranar da na fara zama da Bello a gidan kaso. Lokacin ina binciken doktora a kan tsaron makarantu da hukuncin da ake yanke wa masu laifi a cikinsu. Aikinmu shi ne mu saurara, mu rubuta, mu tashi. Ba ma sa baki a shari'a.

Bello makiyayi ne daga wani ƙauye wajen Korgom. An gina lakwal ɗin garinsu, wato makarantar boko, a kan burtali, ba katanga, ba ko shingen ƙaya. Wata rana saniyarsa ta ture wata ɗaliba, hannu ya karye. Daraktan lakwal ya kira jandarmomi, suka tafi da shi.

Uban yarinyar kuwa tuni ya yafe. An zauna gaban maigari, aka yi sulhu, aka shafa fatiha. A wurin mutanen ƙauye magana ta mutu, don haka ko da sammaci ya zo, ba wanda ya taka zuwa kotu. Ana cikin haka aka yi wa alƙalin canjin wurin aiki. Bello ya zauna, ba hukunci, ba saki.

Ya ce mini, "Malama, tun da kina rubutawa, ai alƙali zai gani ko?"

Na ce, "In sha Allahu."

Na je wurin mai gabatar da ƙara, ya ce sai sabon alƙali ya zo. Na kira farfesana, ya ce, "Hadiza, ke mai bincike ce, ba lauya ba. Ki sa shi a babi na uku."

Babi na uku! Na sa shi. Ranar kare kundin an tafa mini, har wani malami ya ce babin nan ya fi ko wane kyau.

Bayan damina na koma. Bello ya rame, danginsa sun sayar da shanun, lakwal na nan ba katanga. Ya dube ni ya ce, "Malama, kin gama rubutun?"

Na ce na gama.

"To, alƙali ya karanta?"

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani da baƙin cikin mutane ake samun digirinmu, kuma da wuya takardarmu ta buɗe ƙofa. Ni na fito dokta. Bello bai fito ba.