Yadda Baba Ya Mayar da Dogo Gida

Ƙarar kofaton doki ce ta fito da ni daga kicin. A gidan ɗana nake a Gorton, can ƙasar Turawa, bayan azahar, ana ta yayyafin nan nasu mai hana shanya. Jikata, wadda ta zo hutu daga jami'arta ta Birmingham, ta bar talabijin a kunne tana latsa waya. Na zo in kashe, sai na ga fuskar. Dogon mutum, malafa a karkace, idanu a ƙanƙance. Ban taɓa ganinsa yana motsi ba, amma hotonsa ya shekara goma manne a bangon ɗakin Babanmu a Kano.

Ku da kuka tashi da talabijin a falo, bari in gaya muku. A zamaninmu 'yar mutunci ba ta zuwa silima. Baba, mai gyaran keke ne, shi ke zuwa duk Alhamis in ba a yi ruwa ba, don silimar ba ta da rufi. Ran Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu kewaye kwandon gyaɗa muna ɓara, ni da Inna da Gwaggo, ya ba mu fim ɗin tun daga farko. Fim ɗin kaboyi kawai yake so, kuma na mutum ɗaya, wanda ya raɗa wa Dogo.

Baba ba ya jin Turanci ko kalma. Hannu yake kallo, da ido, da yadda mutum ke saukowa daga doki, sai ya sa musu magana da Hausa. Finafinan kuma ba a jere suke zuwa ba. Wannan makon Dogo da furfura, mako mai zuwa saurayi. Baba sai ya ce, "Wannan tun kafin ya yi aure ne." A haka ya ɗinka mana su suka zama rayuwar mutum guda, makiyayi mai neman shanunsa. Ba mu taɓa shakka ba. Mutumin da in ya ce taya ta mutu to ta mutu, duk unguwa ta san ba ya ƙarya. Da wannan na yi wa 'ya'yana tarbiyya, wani lokacin da bulala.

Wata kaka yayana ya bi fataken shanu zuwa Kurmi. Aka yi wata uku, aka yi shida, babu shi babu saƙo. Inna ta daina cin abin kirki, zani ya fara zagaye ta sau biyu. Amma ran Juma'a takan fito. Ba ta kula da harbe-harben. In Baba ya kai ƙarshe, tambaya ɗaya take yi: "Malam, ya koma gida?"

Akwai wani fim da ya ba mu da damina, na kuma riƙe shi daki-daki. Dogo ya ɗaure hannun hagu da tsumma, ya tsaya bakin rijiya mai karyayyen guga, wata tsohuwa tana jiransa a ƙofa. A labarin Baba, Dogo ya sha ruwa, ya hau farin dokinsa, ya isa, tsohuwar ta dafa kansa. Ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari.

To, shi ne a gabana a Gorton. Ga tsumman, ga gugan. Na zauna na ce wa jikata, "Ke, ajiye wayar nan ki gaya min abin da suke cewa."

Ta fara fassara da Hausarta mai ɗingishi. Ashe ba ma shanunsa ba ne, ɗaukarsa aka yi aiki. Wannan ban damu ba. Sai ga shi ya sunkuya zai sha ruwa, wani ya harbe shi ta baya. Na ce, "Zai tashi."

"Hajiya, ai he's dead. Ga sunaye nan suna hawa."

"Wani fim ɗin ne daban."

"Ke fa kika ce ga guganki."

Ta duba wayarta ta karanto min tarihin ɗan wasan: ɗan manomi ne, ya fara da faɗowa daga doki a madadin manyan 'yan wasa, ya yi finafinai da yawa, ya tsufa ya mutu a gadon asibiti. Cikin minti biyu ta gama da mutumin da Baba ya shekara goma yana ginawa. Yaran yanzu ba a ɓoye musu ƙarshen komai.

Yayana bai dawo ba, har yau ba mu san kabarinsa ba. Inna ta ƙara shekara takwas a duniya tana cin abincinta, tana share ɗakinsa.

Na daɗe ina gaya wa jikokina cewa ubana bai taɓa ƙarya ba. Na daina. Yanzu nakan ce guda ɗaya na sani, ina roƙa masa gafara a kanta bayan kowace salla. Da ni ce a kan tabarmar nan Inna ta kafe ni da ido, ni ma ƙaryar zan yi.