Na haddace tuddan Rum, na bar garin kakata a cikin ruwa

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru shekarata goma sha tara, ban daɗe da gama sakandare ba na samu gurbi a wata kwalejin ilimi, aka ba ni fannin tarihi. Ni mai saurin baki ce, abin da ya zo min shi nake faɗa, kuma a gidanmu a Tiga ni ce macen farko da ta wuce sakandare, don haka kaina ya kumbura tun kafin in san komai. Zangon farko aka haɗa mu da darasin asalin wayewar Turawa: Girkawa da biranensu, Romawa da dokokinsu da hanyoyin ruwan da suka gina da dutse. Malamin in ya fara zuba sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Na haddace komai, har tuddai bakwai da aka kafa birnin Rum a kansu.

Kakata, wadda ta haifi babana, tana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ya cinye garinsu. Duk ƙarshen rani, in ruwa ya ja baya har kan dutsen da ke bayan tsohon garin ya leƙo, sai ta sa baffana mai kamun kifi ya ɗauke ta a kwalekwale. Daga dutsen take auna komai. Ta riƙa nunawa da sanda, nan rijiyar unguwarsu, nan marina, nan aka binne mahaifiyarta, ta yi addu'a su juyo. Sa'o'inta da suke zuwa tare duk sun rasu, ita kaɗai ta rage.

Da na zo hutu ta kira ni ta ce tunda an ce tarihi nake karantawa, in ɗauko littafi da biro in bi su in rubuta, don ƙwaƙwalwarta ta fara yi mata gardama. Ina zaune a tsakar gida ina bitar jarrabawa, ko ɗago kai ban yi ba. Na ce mata wannan ba tarihi ba ne, tatsuniya ce. Na ce mutanen da suka gina da dutse har yau ana zuwa kallon gininsu, su kuwa nasu garin na laka ne, ruwa ya taɓa shi ya narke kamar sukari a shayi, ko layi ɗaya ba su bari a rubuce ba. Matan gida suka kwashe da dariya, a zatonsu wasan jika da kaka ne. Ni ma a bayan wasan na ɓuya, amma Allah ya sani da gaske nake yi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafi ta ce, “To 'yar boko, a cikin Romawan naki wa ya goya ubanki?” Suka tafi ita da Baffa.

Zango na biyu, malamin nan dai, da bakinsa, ya ce ai su ma Girkawan da baki suka riƙa miƙa labaransu tsawon zamani kafin a rubuta, kuma masu rubuta tarihinsu na farko tsofaffi suka bi suna tambaya. Sai ya ba mu aiki, kowa ya koma gida ya samo tarihin garinsu daga bakin dattijo. Wallahi ji na yi kamar in jefe shi da littafin. Wata huɗu yana ɗura mana garuruwan wasu, me ya hana shi faɗar wannan tun ranar farko? Amma haushin kaina ya fi, don ba shi ya sa min magana a baki ba.

Na iso gida na tarar kwana tara da jinin kakata ya hau, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Sun ɓoye min wai kada karatuna ya taɓu. Karatun me? Na matsa wa Baffa ya kai ni inda tsohon garin yake. Ya ce shi a goye aka fito da shi, kuma duk shekarun nan tuƙi kawai yake, hankalinsa na kan inda kifi ke wasa. Muka zaga dutsen sau uku, littafi buɗe a cinyata, ko'ina ruwa iri ɗaya. Ban san ma ta ina zan fuskanta in yi addu'ar ba.

Jarrabawar Rum na ci ta da maki mai kyau, aikin garinmu kuwa farar takarda na miƙa. Ban ce kada a karanta tarihin Turawa ba, a karanta, akwai ilimi a ciki. Abin da na koya shi ne Romawa ba inda za su je, suna nan a littafi ko bayan shekara ɗari, tsohuwar gidanku ce ba za ta jira ba. 'Yan'uwana ɗalibai, in tsoho ya ce ku zo ku rubuta, ku ajiye komai ku tashi, kuma kada ku fake da wasa ku ci masa fuska. Kakata tana nan da rai, ni nake ba ta kunu da safe. In ta ga biro a hannuna sai ta ƙura masa ido, leɓenta na motsi. Nakan kai kunnena bakinta, har yau ban ji komai ba.