Rijiyoyi Uku na Dikko

Tun daga Dungas har Bande, a zamanin Nasara, in aka sha ruwa mai daɗi sai a ce haƙar Dikko ce. Gwani ne, wannan ba gardama. Amma ni da na yi maƙwabtaka da shi, ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema.

Mutum biyu ke masa aiki, Laminu da Saminu, duk magidanta masu 'ya'ya. Shekara da shekaru aikinsu jan ƙasa da saro itacen da ake tokare bangon rijiya, don yashin ƙasarmu ba ya da alkawari. Shiga rami kuwa sai Dikko. Ko ɗanɗana ƙasa zai yi don ya san nisan ruwa, sai ya juya musu baya. Cewa yake, ran da suka iya, ran nan za su gudu da sana'arsa. Abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Ana nan sai kumandan, Baturen mulki na Magarya, ya aiko gardi, wato ɗan sandansa: rijiya uku yake so a bakin sabuwar hanya kafin ruwan farko. In ba su samu ba, Dikko da mutanensa su tafi fasa dutse. Mutum ɗaya dai ba ya shiga rami uku.

Dole ta sa ya fara koyarwa, yana yi yana harara. Saminu mai garaje ne, don haka Dikko ya tsaya a kansa, kowane sara da faɗa. Laminu kuwa in aka tsare shi da ido sai hannunsa ya rikice. Dikko ya lura, ya daure ya bar masa rijiya ta biyu, ya koma bayan wata gawo yana leƙe kamar mai gadin gona. Da aiki ya yi kyau, maimakon murna sai ya ce mini, "Wa ya koya masa? Akwai wanda ke zuga shi."

Biyu suka ba da ruwa. Ta ukun ta yi zurfi ainun, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga ƙirjin Dikko ya daina ɗaukar zafin rami. Ran nan a gaban jama'a ya miƙa wa Laminu dagi.

"Sauka, kai za ka fasa ta."

A al'adar masu haƙa, mai sauka shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa igiya, kuma ba a musa masa. Dikko ya riga ya tofa yawu a tafinsa, ya gyara tsayuwa. Laminu ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki ɗaya bakin, ya wuce Dikko, ya damƙa wa Saminu.

"Ni fa?" in ji Dikko.

"Ka yi haƙuri, Baba," Laminu ya ce, kansa a ƙasa. "Kai har yau ba ka yarda da ni ba. In na girgiza igiya na ce bango zai rufta, sai ka tsaya tunanin ko ƙarya nake."

Kafin la'asar ruwa ya ɓullo, ba wanda ya tafi fasa dutse. Aka yi ta guɗa. Dikko yana gefe a kan tulin ƙasa, ba abin da aka ba shi ya riƙe. Wallahi duk haushinsa da nake ji, ran nan ya ba ni tausayi.